Babi na Shida: Maki Tara na Yamai

Ranar Asabar, 8 ga Oktoban 2011, Masar ta casa Nijar da ci 3 da nema a birnin Alƙahira. A daren nan kuma Nijar ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin Afirka, karo na farko a tarihinta. Duk wanda aka ba labarin a dunƙule haka sai ya ce a maimaita masa, don kunne bai saba jin an doke ƙungiya a wasan ƙarshe kuma ita ce ta haye ba.

Ga yadda abin ya kasance. Ƙasa huɗu ne a rukunin: Nijar, Masar, Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, ta riga ta san ba za ta je ba, sai ta zuba matasanta a fili. Cikin waɗanda suka ci Nijar ranar har da wani yaro ɗan shekara 19 mai suna Mohamed Salah, kuma ita ce ƙwallo ta farko da ya taɓa ci wa babbar tawagar ƙasarsa. A daidai lokacin, can a Nelspruit, Afirka ta Kudu na karawa da Saliyo. Labarin Alƙahira ya iso wa kocinsu Pitso Mosimane, suka yi lissafi da yawan ƙwallaye, suka ga canjaras ya ishe su, sai suka ja wasa har alƙali ya busa tashi babu ci. 'Yan wasa suka kewaye fili suna rawa. Sai daga baya aka buɗe musu dokar hukumar CAF: in maki ya zo ɗaya, abin da ake fara dubawa shi ne yadda ƙasashen suka yi a tsakaninsu. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowace na da maki 9. Da aka ware wasanninsu su uku, Nijar na da 6, sauran biyun kowace na da 5. Murna ta koma ciki a Nelspruit, ta ɓarke a Yamai.

Jaridun waje sun fi ba da labarin ta fuskar kuskuren Afirka ta Kudu, kamar dai Mena, tawagar ƙwallon Nijar, tsintuwa ta yi a hanya. Ban yarda da wannan karatun ba. Kuskuren lissafi na Mosimane ne, amma makin nan 9 ba wanda ya ba Nijar su sadaka. A filin wasa na Janar Seyni Kountché aka haƙo su, ɗaya bayan ɗaya. Ranar 10 ga Oktoban 2010 Moussa Maazou ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya tilo, zakarun Afirka ƙarƙashin Hassan Shehata suka bar Yamai hannu rabbana. A watan Maris na 2011 aka ci Saliyo 3 da 1. A farkon Satumba aka ci Afirka ta Kudu 2 da 1, Koffi Dan Kowa da Maazou ne suka ci. Wasa uku a gida, nasara uku. Sai dai a juya takardar: wasa uku a waje, an sha kashi a dukkansu, ko ƙwallo ɗaya Mena ba ta ci ba. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma biyu ya riƙe makullin tarihin ƙungiyar nan gaba ɗaya. Ƙarfinta a gida yake: rana mai dukan ƙeya wadda ɗan ƙasa ya girma a cikinta, taron jama'a da kalangu da ihu tun kafin azahar, da 'yan wasan da suka san kowane taku na wannan ciyawa.

Daga Yamai zuwa Tawa ya haura kilomita 500, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Daga Tawa kuma sai a ƙara nausawa arewa kafin a kai Affala, inda gonakin hatsi na Adar suke fara sirancewa, makiyayar Azawak ta soma buɗewa. A ƙasar Affala da Barmu da Takanamat, ba kasafai za ka samu wanda ya taɓa zama a kujerun filin Seyni Kountché ba. Ta kunne aka san Mena: rediyo mai batir a rataye a reshen ice ko a kan tabarmar fada, Muryar Sahel na kawo wasa, da dare kuma a murɗa BBC ko RFI ko Muryar Jamus a ji yadda duniya ta ɗauki abin. Inda akwai telbijin da janareto, a nan samari ke cunkushewa. Shi ya sa a daren Alƙahira ruɗanin ya fi yawa a karkara. An ji an ci mu uku, an kashe rediyo, sai kuma ga waya daga 'yan'uwa na birni suna cewa mun wuce. Dattijo ya dubi jikansa ya ce, "Kai ɗan nan, an ce an kada mu, to murnar mi kukai?" Yaro ya ce, "Baba, lissahi ne." Ga mutumin da ya tashi da kokowa, inda wanda bayansa ya taɓa ƙasa ya faɗi ke nan ba sauran magana, wannan amsa tana buƙatar dogon bayani.

Ya kamata a tuna wace irin shekara ce wannan a Adar. Daminar 2011 ba ta yi kyau ba, rumbuna da yawa ba su cika ba, kowa na hango wahalar bazara tun ana yankan hatsi. Yaƙin Libiya ya koro dubban 'yan cirani gida ba tare da abin da suka je nema ba, rikicin Kwaddibuwa kuma ya taɓa Adarawan Abijan, waɗanda aikensu ke riƙe da gidaje da dama. A siyasa, an fito daga mulkin riƙon ƙwarya na soja, Mahamadou Issoufou, ɗan Dan Daji ta ƙasar Illela, ya karɓi mulki a watan Afrilu. Cikin wannan hali labarin Mena ya zo. Bai cika rumbun kowa ba, amma ya ba mutane abin da aka daɗe ba a ba su ba, wato jin sunan ƙasarsu a bakin duniya ba tare da an haɗa shi da yunwa ko juyin mulki ba. Ɗan ciranin da ke Abijan ko Kumasi ko Legas, wanda kullum shi ne ake yi wa tsiya in ana gardamar balo, ya samu bakin magana.

Na ce kokowa, don ita ce sarauniyar wasanni a nan, kuma a Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, zamanin Seyni Kountché. Kokowa ta shiga zuciyar karkara domin kowace jiha tana zuwa da 'yan kokowarta, mutum ya ga ɗan garinsu a fage, ya ji kirarinsa da harshen da ya sha a nono. Ƙwallon ƙafa bai samu wannan gatan ba. Manyan kulob-kulob kusan duk a Yamai suke, Sahel da Olympic da Zumunta, sai na ma'aikatu da masu kaki irin su AS FAN ta soja, da ta jandarma, da ta duwan, da ta kamfanin wuta Nigelec. Arlit ta samu nata saboda kuɗin yuraniyom, Maraɗi na da Jangorzo da Ɗan Kasawa. Jihar Tawa, duk da yawan jama'arta, ba ta daɗe da kafa ƙafa a sahun gaba ba. Ko dabbar da aka ara wa ƙungiyar suna, barewar nan mai dogon wuya, fara mai jan baya, ta kusa ƙarewa a doron ƙasa. 'Yan kaɗan da suka rage a Nijar suna can wajen Termit da duwatsun Ayar.

Kafin 2011, sau ɗaya Mena ta taɓa jin ƙamshin babbar gasa. A neman gurbin kofin duniya na 1982 ta fitar da Somaliya, ta fitar da Togo, duka biyun da dokar ƙwallon waje, ta kai zagaye na uku inda ta haɗu da Aljeriya a 1981. Aljeriya ta ci 4 da nema a gidanta, Nijar ta rama da 1 da nema a Yamai. Wannan Aljeriyar ce, ta su Rabah Madjer da Lakhdar Belloumi, ta wuce ta fitar da Najeriya, ta je Sifaniya ta doke Jamus ta Yamma. Ka ga ko a wannan karawa da Aljeriya zanen iri ɗaya ne, a gida a yi nasara, a waje a sha wuya. Bayan nan aka shiga dogon shiru. Shekaru kusan 30 Mena na shiga share fage tana fita, wani lokaci ma rashin kuɗi ya sa a janye tun ba a buga ba.

Abin da ya sauya al'amura ba daga sama ya faɗo ba. A 2009 Kanar Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pelé, ya hau shugabancin hukumar ƙwallo ta FENIFOOT, aka kuma damƙa tawagar a hannun ɗan ƙasa, Harouna Doula Gabde. Doula bai yi dogaro da wasu taurarin Turai ba, don babu su sai ɗaiɗaiku. Ya tara yaran gida ya riƙe su tare, ya haɗa su da 'yan tsirarun da ke waje irin su Maazou da gola Kassaly Daouda na Coton Sport ta Garwa. Shekarar 2010 ta nuna amfanin haka ta ko'ina. AS FAN ta kai matakin rukuni a kofin Confederation na Afirka. Mena ta ɗauki kofin ƙasashen UEMOA a Yamai. A neman gurbin CHAN, gasar da ba a shigar da kowa sai mai taka leda a cikin ƙasarsa, Nijar ta fitar da Najeriya, aka tashi babu ci a wasa na biyu a Kano. Wanda ya san yadda Hausawan ƙetaren iyakar nan biyu ke zolayar juna, daga kasuwar Illela zuwa ta Jibiya, ya san nauyin wannan sakamako. A gasar kanta, a Sudan a farkon 2011, Mena ta kai zagayen 'yan takwas, mai masaukin baƙi ce ta fitar da ita a bugun fenariti. A ƙarshen shekarar, CAF ta zaɓi Harouna Doula gwarzon koci na Afirka.

Zuwa gasa kuɗi yake ci, baitulmali kuma ba shi da ƙarfi. Aka buɗe neman gudummawa, 'yan kasuwa da ma'aikata suka ba da nasu, aka kuma ɗora ɗan ƙari a kan kuɗin kiran salula na wani lokaci. Wannan ya sa manomin Affala da ya sayi kati don ya kira ɗansa a Abijan shi ma ya sa hannu a guzurin Mena, ko ya sani ko bai sani ba. Akwai waɗanda suka ce a shekarar ƙarancin abinci bai dace a tatsi talaka don wasa ba, kuma maganarsu abin saurare ce. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, tunda da kuɗin kowa aka tafi, kowa na da haƙƙin tambayar yadda aka yi da tafiyar.

Abin da aka yi kuwa har yau yana yi mini ciwo. Ana dab da tafiya Gabon aka kawo Bafaranshe Rolland Courbis, tsohon kocin Bordeaux da Marseille, a matsayin mai ba da shawara. Ranar 23 ga Janairun 2012, a Libreville, Mena ta buga wasanta na farko da mai masaukin baƙi. Tsoro ya bayyana a ƙafafun yara, Pierre-Emerick Aubameyang ya buɗe da ka, aka tashi 2 da nema. Washegari maganar ta sauya: Courbis ya karɓi ragama, gwarzon kocin Afirka ya koma gefe. Gaskiya ne wasa na biyu ya fi kyau. Tunisiya ta ci ta ƙafar Youssef Msakni tun ba a zauna ba, William N'Gounou ya farke cikin minti na 9, Mena ta matsa musu har kusan tashi, sai Issam Jemaa ya zura ta biyu a mintin ƙarshe. A wasa na uku Maroko ta ci 1 da nema. Masu kare matakin suna kafa hujja da wasan Tunisiya. Amma yaran da suka tsaya wa Tunisiya su ne dai waɗanda Doula ya shekara biyu yana ginawa, kuma ba a koya wa ƙungiya ƙwallo cikin kwana uku. An ƙasƙantar da mutumin da ya kai ƙasa inda ba ta taɓa zuwa ba, a gaban idon nahiya, saboda wasa ɗaya. Duk wani matashin koci a Tawa ko Damagaram ya karanta saƙon: kai ka yi noma, in amfani ya nuna a kira baƙo ya yi girbi.

Shekara ta zagayo da sauri, don CAF ta mayar da gasar zuwa shekarun mara, aka sake yin ta a 2013. Wannan karon share fagen gajere ne, gida da waje. Gini ta ci 1 da nema a Konakiri, Mena ta rama da 2 da nema a Yamai a watan Oktoban 2012. Gida ya sake yin aikinsa. Mai horarwa a lokacin shi ne Gernot Rohr, Bajamushen da ya jagoranci Gabon ta doke Nijar watanni kaɗan baya, wanda daga baya masu karatu a Najeriya suka san shi a kan kujerar Super Eagles. A Afirka ta Kudu, a birnin Port Elizabeth, Mena ta riƙe Mali har saura 'yan mintuna kafin Seydou Keita ya samu kafa. Ranar 24 ga Janairu aka yi canjaras babu ci da Kwango ta Kinshasa, Kassaly Daouda ya hana Dieumerci Mbokani sakat. Wannan shi ne maki na farko, kuma har yau shi kaɗai ne, da Nijar ta samu a gasar. Gana ta rufe da 3 da nema, Asamoah Gyan ya fara ci. Da Mena ta dawo gida, mutanen Adar da yawa suka koma bayan maƙwabta, aka kalli Najeriya ta Stephen Keshi ta ɗauki kofin a kan Burkina Faso.

Jimillar tarihin Nijar a babbar gasar Afirka ke nan: zuwa biyu, wasa 6, canjaras 1, shan kashi 5, an ci ta ƙwallo 9, ta ci 1. Tun daga 2019 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasa 24, Moritaniya da Gambiya da Komoros duk sun samu shiga, amma har zuwa gasar 2025 ta Maroko Mena ba ta koma ba. Masu horarwa sun yi ta shiga suna fita, galibinsu baƙi.

Sai dai wanda ya tsaya a babbar tawaga kaɗai zai rasa rabin labari. Nijar ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta Afirka a 2015, abin da ya tilasta a kula da yara. A 2016 ƙananan Mena suka fitar da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya na wannan rukuni, bayan gwajin shekaru ya rage wa Najeriyar 'yan wasa da yawa. An ci Nijar 1 da nema a Abuja, ta rama da 3 da 1 a Yamai. Suka kai zagayen kusa da na ƙarshe a Gabon a 2017, suka samu tikitin kofin duniya a Indiya, karo na farko da tutar Nijar ta shiga wata gasar FIFA. A birnin Kochi suka doke Koriya ta Arewa 1 da nema, Salim Abdourahmane ya ci. Sifaniya da Burazil sun fi ƙarfinsu, amma nasarar nan ɗaya ta kai su zagaye na biyu, inda Gana ta tsayar da su da 2 da nema. Kocinsu ɗan ƙasa ne.

Sai kuma Aljeriya a farkon 2023, gasar CHAN. Wa ke kan benci? Harouna Doula, bayan shekara 11 da abin da ya faru a Libreville. Da yaran Super Ligue ta gida ya yi canjaras da Kwango ta Barazabil, ya doke Kamaru 1 da nema, ya fitar da Gana da 2 da nema a birnin Oran. Aljeriya ta yi wa Mena 5 da nema a wasan kusa da na ƙarshe, Madagaska ta ɗauki na uku, Nijar ta ƙare ta huɗu. Ba a taɓa kai wannan matsayi a wata gasar manya ta nahiya ba. A lokacin kallo ya sauya salo a Adar: faifan sola ya shiga ƙauyuka, gidajen kallo masu tauraron Canal+ sun yawaita, saurayi na iya bin wasa a wayarsa in akwai rezo. Yaran da suka haddace 'yan wasan Real Madrid da Barcelona har da na benci suka fara tambayar sunan golan Mena da kulob ɗin da yake tsare wa raga. Duk lokacin da Nijar ta taka rawar gani a waje, 2011 a Sudan, 2017 a Indiya, 2023 a Aljeriya, yaran gida ne a hannun malamin gida wanda aka ba lokaci. Wannan ba kishin ƙasa ne ke magana ba, sakamakon wasanni ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Filin Seyni Kountché, wanda aka buɗe a 1989, ya tsufa, CAF kuma ta tsaurara sharuɗɗanta kan ciyawa da fitilu da ɗakunan 'yan wasa da kujeru. Daga 2022 zuwa 2025 Mena ta koma buga wasannin da ake kira na gida a ƙasashen mutane: Kwatano, Tunis, Marrakech, Berkane, Lome. A watan Maris na 2025 abin ya kai maƙura, aka buga wasan gidan Nijar da Maroko a Oujda, wato a cikin Marokon kanta. Mena ta fara ci, aka farke, aka ƙara mata ta biyu bayan cikar lokaci. A tuna da alƙaluman 2011 a ga abin da aka ƙwace wa ƙungiyar nan. Mena ta zama 'yar cirani, kuma ba wanda zai fahimci hakan kamar Ba'adare. Shi ya san yadda ake kwana a shagon wani, a yi aiki tuƙuru inda ba mai kiran sunan mahaifinka, a aiko da sakamako gida ta waya.

Abin mamaki, a cikin ciranin ne ƙungiyar ta koyi abin da ya daɗe yana ba ta wahala, wato cin wasa a gidan wani. A nan dole a yi wa baƙo adalci, don aikin Badou Zaki ne, tsohon golan Maroko, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1986. Ba a kawo shi ana gobe gasa don ya karɓe aikin wani ba, an ba shi tawaga an bar shi da ita. A watan Nuwamban 2024 Mena ta ci Sudan 4 da nema a Lome, bayan kwana huɗu ta je Akara ta doke Gana 2 da 1, Mohammed Kudus ya ɓarar da fenariti a ƙarshen wasa. Maki ɗaya ya raba ta da gasar Maroko, tana da 7, Sudan na da 8. A neman gurbin kofin duniya na 2026 kuma ta ci Tanzaniya a Zanzibar, ta ci Zambiya a Ndola da ƙwallon Daniel Sosah, ta ƙare ta biyu a bayan Maroko da maki 15, uku daga ciki an ba ta ne a teburi saboda Kwango ta Barazabil ba ta fito wasa ba. Ƙasa huɗu mafi kyau cikin waɗanda suka zo na biyu ne ke zuwa wasan cike gurbi. A lissafin da aka yi na waɗanda suka zo na biyun, Kamaru da Najeriya da Burkina Faso da Nijar duk suka tashi da 15, aka koma ga bambancin ƙwallaye, kashin 5 da nema da aka sha a hannun Maroko a Rabat ya dawo ya ci Mena. Najeriya ce ta ɗauki gurbin ƙarshe bayan ta ci Benin ta Gernot Rohr 4 da nema. Wasanni biyu da Nijar ta rasa da tazarar ƙwallo ɗaya, da Tanzaniya da Maroko, duka na gida ne a takarda, duka a ƙasar Maroko aka buga su. Canjaras ɗaya a cikinsu da ya isa.

Saboda haka idan ana maganar gyaran fili, ba maganar siminti da fenti ake yi ba, maganar maki ce. Kuma ba lalle gida ya tsaya a Yamai kaɗai ba. A watan Fabrairun 2019 Nijar ta karɓi gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta Afirka, aka raba wasannin tsakanin Yamai da Maraɗi, Mali ta ɗauki kofin. An ga cewa birnin da ba fadar gwamnati ba zai iya saukar da baƙin CAF, an kuma ga yadda jama'ar Katsina da Gobir suka cika fili don kallon yaran da ba su ma san sunayensu ba. Tawa ita ma ta samu sababbin gine-gine lokacin bikin Tawa Sakola na 18 ga Disamban 2017. Abin da ya rage shi ne a cika waɗannan wurare da wasa na kullum: gasar makarantu da ta ƙananan hukumomi wadda za ta sa Affala ta kara da Barmu, Kalfu ta kara da Bambay, a kan jadawali sananne, mai alƙali da lasisi, yadda mai neman 'yan wasa daga Yamai zai san ranar da zai zo da inda zai tsaya. Haka kokowa ke zaƙulo gwanayenta daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha, kuma tun 1975 tsarin yana aiki. A yanzu yaron da ya iya balo a arewacin Adar, mai buga ta ba takalmi a kan tsakuwa bayan la'asar, yana kai shekara 16 hanyar da ke buɗe a gabansa ita ce ta tasha, zuwa Abijan ko Agadas ko Aljeriya, ba tare da wani koci ya taɓa ganin ƙafarsa ba.

In aka ɗaga filin Maraɗi ya cika sharuɗɗan CAF tare da na Yamai, Mena za ta samu gida biyu, ɗaya a bakin kogi, ɗaya a tsakiyar ƙasar Hausa, kusa da Katsina da Kano inda dubban 'yan Nijar ke zaune. Mutumin Affala zai iya kwana a Tawa, ya hau motar asuba ta Madawa, ya iske wasan la'asar a Maraɗi.